Amarya tace ƙanƙara take so ta gani

Saura sati bakwai ɗaurin aure, kowa a gida maganar lefe yake da hayar istiraha, wato wajen taron biki, ni kuma kullum bayan isha'i in na dawo daga aiki ina zaune da waya ina lissafin tafiyar da zamuyi bayan biki, wacce larabawa ke cewa shahrul asal. Tun ranar da aka kai gaisuwa na tambayi amarya ina take so muje, ko tunani bata yi ba tace "Yaya ni dai ƙanƙara nake so in gani tana saukowa daga sama, in taɓa da hannuna." A Makka aka haifeta, wajen Shari' Mansur, iyakar sanyin da ta sani shine na Ta'if in an hau dutsen Hada da dare. Ni ma ɗin shekarata tara a Jidda, inda a watan Janairu ma wani lokacin sai ka kunna mukayyif, wato AC.

Da farko ƙasa uku na rubuta, Turkiyya, Jojiya, Azarbaijan, gari biyar a kwana goma. Wani abokin aikina da yaje da iyalinsa bara ya karɓi takardar ya duba yace min malam wannan ai jigila ce, amarya zata dawo bata san komai ba sai kujerar filin jirgi. Na zauna na ƙirga da kaina naga gaskiyarsa, duk ranar da zaku canza gari to ranar ta tafi, haɗa kaya, fita daga otal sha biyu, zaman jira, isa wani otal ɗin da duhu a gajiye. Ga maganar biza, mu masu koren fasfo kowace ƙasa da nata sharaɗin, wata ma sai ta duba wata nawa ya rage a igamarka, wato katin zamanka na Saudiyya. Sai na soke biyu na bar Turkiyya kaɗai, amma zango uku.

Istanbul kwana huɗu. Daga Jidda tafiyar bata kai awa huɗu ba, kuma agogonsu ɗaya da namu, babu gyaran lokaci, sai dai a Janairu rana bata fitowa sai takwas ta wuce. Istanbul ba lallai a samu ƙanƙara ba, ruwa da iska mai shiga ƙashi sun fi yawa, shi yasa na sa ta a farko dan jiki ya fara sabawa. Zamu yi salla a Aya Sofiya da aka mayar masallaci a 2020, mu shiga Topkapi, tsohuwar fadar sarakunan Usmaniyya, sannan abinda ya fi tsaya min a rai, ziyarar kabarin Abu Ayyubal Ansari a unguwar Ayyub. Mutumin da Manzon Allah (SAW) ya sauka a gidansa a Madina, gashi kabarinsa can nesa. Inaso aurenmu ya fara da addu'a a wannan wajen.

Daga nan Bursa kwana biyu, a jirgin ruwa zuwa Mudanya sai mota. A nan dutsen Uludag yake, tsayinsa ya haura mita 2,500, ana hawa da teleferik, keken nan mai tafiya a igiya ta sama, irin na Hada amma yafi shi nisa sosai, kuma nan ne nake sa ran cika mata alkawari. A cikin gari zamu kwana, otal ɗin saman dutse lokacin sanyi kuɗinsu ba na mai albashi irina bane, mu hau da safe mu sauko kafin magariba.

Kapadokiya na ba kwana uku kuma da dalili. Balan-balan ɗin nan da ke ɗaukar mutane da asuba, wanda kowa ke gani a Instagram, a lokacin sanyi sau da yawa ana soke tashinsa saboda iska, in kwana ɗaya ka ware aka soke shikenan ka tafi baka gani ba. Da safiya uku ko Allah zai sa a dace da ɗaya. Daga Bursa sai mun koma Istanbul, jirgi daga nan zuwa Kayseri awa ɗaya da 'yan mintuna ne, sai kamar awa ɗaya a mota zuwa Goreme, kuma na tambayi otal ɗin kogon da na kama sau biyu ko hitarsu na aiki, dan dare a can yana sauka ƙasa da sifiri. A kula fa, Istanbul filin jirgi biyu gareta, babban da kuma Sabiha Gokcen a ɓangaren Asiya, tsakaninsu tafiya ce mai nisa, saura kaɗan in sayi tikitin da zai saukemu a ɗaya ya ɗaukemu a ɗayan da tazarar awa biyu. Yanzu na bar kwana ɗaya cur a Istanbul kafin jirgin dawowa.

Takardu kuwa, hurujul auda tawa, wato bizar fita da dawowa Saudiyya, sai wajen aiki sun fitar, riyal 200 ce ta fita ɗaya har wata biyu. Ita igamarta har yanzu tana ƙarƙashin mahaifinta, dan haka shi zai cire mata a Absher, manhajar gwamnatin Saudiyya, kuma wallahi na daɗe ina jin nauyin yi masa maganar, ƙarshe sai wana na tura. Fasfo kada ya gaza wata shida, takardar aure kuma zata shiga jakar hannu.

Juma'ar da ta wuce naje Harajin Sawarikh, kasuwar gwanjon Jidda, neman jaket, na samu masu kauri guda biyu da takalma masu rufi, mai kayan yana ta kallona wai ina zani da wannan a Jidda. Da na kawo gida Umma ta ɗaga ɗaya ta auna a hannu tace "To kai ɗan nan, 'yar mutane zaka kai cikin firiza?" sai ta tashi ta ɗauko man kaɗanya da yajin citta da dambun nama ta fara ƙullawa a leda. Na ce mata jirgin cikin gida kilonsa kaɗan ne, tace a rage takalma. Safar hannu ce kawai ban saya ba, amarya tace ita zata zaɓi kalar da kanta.