Godiya Bayan Kare Kundin Digirina

Alhamdu lillahi. Jiya na kare kundin digirina na biyu a nan Kwebek ta ƙasar Kanada, kuma malamai sun amince da shi.

Masu tambayata wane irin bincike ne ya hana ni barci, ga shi a taƙaice. Ranar 9 ga Satumba 1949 wani jirgin fasinja samfurin DC-3 na kamfanin Canadian Pacific ya tarwatse a sama kusa da wani wuri da ake kira Sault-au-Cochon a lardin Kwebek, mutum 23 da ke ciki duk suka rasu. Wani mai sayar da agogo da kayan ado, Albert Guay, shi ya kitsa abin don ya rabu da matarsa Rita, bayan ya saya mata inshorar dala 10,000. Abokinsa mai gyaran agogo, Généreux Ruest, ya haɗa nakiya da agogon ƙararrawa, ƙanwar Ruest ɗin, Marguerite Pitre, ta kai kunshin filin jirgi a tasi. Sun auna bam ɗin ya tashi a kan kogin Saint-Laurent, ruwa ya haɗiye shaida. Sai jirgin ya yi jinkirin minti biyar, tarkacen ya zube a kan tudu, masu bincike suka sami gurbin nakiya. Dukansu uku an rataye su.

Malama mai duba aikina, Allah ya saka miki da alheri. Ke kika hana ni cika shafuka da sunan Guay, kika ce in fara da sunayen mamatan. Wannan gyara ya canja kundin gaba ɗaya, kuma shi ya fi dacewa, domin mutum 22 sun mutu a rikicin auren da ba su san da shi ba.

Ina godiya ga ma'aikaciyar ɗakin adana tarihi da ta riƙa ɗauko mini tsofaffin jaridu, tana bin layi da yatsa tana warware mini Faransancin kotu, har lokacin tashinta ya wuce.

Hajiya, addu'arki ta asuba ta waya ita ta riƙe ni cikin sanyin nan. Yaya, kuɗin hayar da ka tura ban manta ba. 'Yan'uwa Hausawan Nijar da Najeriya da suka cika bayan zauren, har da masu goyo, Allah ya bar zumunci, ya biya wa kowa buƙatunsa na alheri. Amin.