Asabar, garin Onomichi, Japan

Yaya ta fasa zuwa, wai ƙafarta, sai na tafi ni kaɗai. Jirgin ƙasa daga Saijo, kusan awa ɗaya. Kana fitowa daga tasha teku ne a gabanka, amma siriri ne har ka ɗauka kogi ne, ga tsibirin Mukaishima can tsallake. Na shiga ƙaramin jirgin fito, minti biyar mun haye, na dawo. 'Yan keke sun cika shi, duk masu kama hanyar Shimanami ne, wadda aka buɗe a 1999, gada bayan gada har Imabari, wajen kilomita 70. Raina fes.

Sai na haura dutse wajen haikalin Senkoji. Garin a matse yake tsakanin dutse da ruwa, kuma tun 1891 layin dogo ya ratsa tsakiyarsa. Ƙasan layi kasuwa da tashar jiragen ruwa, wadda ta haura shekara 850, saman layi kuwa lunguna da matakala zalla, mota ba ta shiga.

A nan na tarar da wata tsohuwa ta ajiye ledoji biyu tana haki. Na ce, "Sannu Kaka, kawo in kama miki." Ta ƙi, ta sake ƙi, sannan ta miƙo ɗaya. Muna hawa tana nuna min gidaje da haɓa. Wannan mai shi ya rasu. Wancan 'ya'yanta sun ɗauke ta zuwa Fukuyama. Na gaba kyanwoyi ne a ciki. Na tambaye ta me ya hana a rushe a sake gini. Ta ce doka ba ta yarda a yi sabon gini a filin da bai taɓa titi mai faɗin mita 4 ba, nan kuwa ina titin? Wanda ya faɗi ya faɗi ke nan.

"To ke fa, Kaka?"

"Ranar da gwiwa ta ƙi, sai in sauka."

Haka ta faɗa, ko a jikinta. A ƙofar gida ta ba ni lemo biyu, ta yi ta sunkuyawa tana godiya.

Abin ya tsaya min a rai har yanzu. Yaƙin duniya na biyu bai ƙone garin nan ba, gidajen katakonsa sun tsira. An kawo gadar zuwa Mukaishima a 1968, an kawo tashar Shinkansen, jirgin ƙasa mai gudun gaske, a 1988, baƙi na ta tururuwa da kyamara suna ɗaukar lungunan nan saboda kyansu. Amma buhun shinkafa ɗaya, sai an ɗora a kafaɗa kafin ya kai gidanta. Akwai matasa da ke gyara wasu kangayen suna buɗe shagunan shayi, na ga biyu, Allah Ya taimake su. Ita dai maƙwabta take bukata, waɗanda za su ji shiru su leƙo.

La'asar a bakin ruwa, iska mai sanyi. Taliyar garin ban ci ba, da kitsen alade ake yi. Yaya ta ce Asabar mai zuwa lallai da ita, na ce ta fara gyara ƙafar tukuna.