Saƙon Godiya Bayan Komawata Bakin Aiki

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Ina sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, na nan Legas da na can gida, cewa Allah Ya yanke mini wahalar zaman rashin aiki, na koma kan sitiyari. Godiya ta tabbata ga Allah, sannan ga bayinsa da suka riƙe ni da iyalina a lokacin da ba ni da abin da zan saka musu da shi.

Fiye da shekara 30 na yi ina jan tirela, galibi daga Apapa zuwa Kano, mu bi ta Ogere da Ibadan da Ilori, mu haye gadar Jebba, mu ratsa Mokwa da Bida mu fito Tafa. A shekarar 2022 litar man dizal ta tashi daga wajen naira 300 ta haura 800, a 2023 kuma darajar naira ta faɗi, farashin taya da kayan gyara ya ninka, har kamfanin da nake yi wa aiki ya jingine motoci da dama ya sallami direbobinsu, kuma ina cikinsu. Ba na riƙe da kowa a raina, domin na ga lissafin mai da idona.

Abin da ya fi sallamar ciwo shi ne neman sabon wuri. Duk inda na kai takarduna, sai a duba lasisina a yaba, a ji cewa ban taɓa kifar da mota ba a jinjina, amma da zarar ido ya kai kan shekarar haihuwa, ko ya sauka a kan furfurar gemuna, sai a ce in je za a neme ni. Wasu ma sun rubuta ƙarara cewa ba sa ɗaukar wanda ya haura shekara 45. A ganina wannan ƙa'ida tana cutar masu motocin kansu, domin sanin inda ake rage giya tun kafin gangara, da jin ƙarar injin a gane matsala kafin ta tsayar da mota a daji, abubuwa ne da sai an daɗe a kan hanya ake samunsu.

Godiyata ta farko a cikin mutane tana ga uwar 'ya'yana, wadda ta riƙa tashi tun kafin asuba tana suyar ƙosai a bakin layinmu a Agege, kuma ko sau ɗaya ba ta bari yara suka ji wata magana ta raini a kaina ba. Ina gode wa Mama mai gidan da muke haya, dattijuwa Bayarabiya, wadda ta ɗaga mini ƙafa a kan kuɗin haya ba tare da na roƙa ba. Malam limamin masallacinmu da jama'arsa sun haɗa mini gudummawa a asirce lokacin biyan kuɗin makaranta, kuma 'yan'uwa 'yan kasuwar Mile 12 sun riƙa ba ni ƙaramin dako a cikin gari don kada in zauna hannu rabbana. Allah Ya saka muku da mafificin alheri.

'Yata ta fari ma ta cancanci a ambace ta. Tun da hukumar tashoshin jiragen ruwa ta kawo tsarin Eto a Fabrairun 2021, mota ba ta shiga tashar jiragen ruwa ta Apapa ko ta Tin Can sai an yi mata rajista ta intanet an kira ta daga wurin jira, kuma masu ɗaukar aiki yanzu suna son direban da zai karɓi tikiti a waya ya tura hoton takardar kaya ta WhatsApp. A da ofis ke yi mana duk wannan. Ita ce ta zaunar da ni bayan sallar isha'i, dare bayan dare, har hannuna ya saba. Allah Ya yi miki albarka.

Sai kuma wanda Allah Ya buɗe ƙofar ta hannunsa, wato tsohon yaron motata, wanda na koya wa tuƙi shekarun baya, yau kuma shi ke kula da motocin wani ɗan kasuwa. Da ya ji halin da nake ciki, ya zo har gida ya durƙusa ya gaishe ni kamar yadda ya saba, ya raka ni gwajin ido aka yanka mini tabarau, sannan ya tsaya mini a gaban maigidansa, ya roƙi a gwada ni a kan mota kafin a yanke hukunci. Ranar gwajin na zagaya motar ina ƙwanƙwasa tayoyi da ƙarfe, na jira iskar birki ta cika, sannan na yi ribas da kwantena mai ƙafa 40 na shigar da ita ta wata ƙuntatacciyar ƙofar sito. A nan take Alhaji ya sa aka miƙa mini makulli. Ina gode masa da ya ba ni wannan dama, kuma in Allah Ya yarda ba zai ga cin amana daga gare ni ba.

Yanzu ina dakon kwantena daga Apapa zuwa masana'antun Agbara. Albashin bai kai na da ba, kuma cunkoson hanyar Badagry yana nan, amma yawancin darare a gida nake kwana, abin da ban samu ba tun ina saurayi.

Ina da roƙo guda ga masu motoci da manajojinsu. Cikin waɗanda aka sallame mu tare, akwai dattawa da har yanzu suke zaune a Ijora da Marine Beach suna jiran kira, lasisinsu da rai, lafiyarsu ƙalau, kuma na shaidi tuƙinsu da amanarsu. Duk mai buƙatar direba ya aiko mini da saƙo, ni da kaina zan kawo masa su ya gwada su a kan mota.