Haila a Ramadan: a duba kafin alfijir, a duba kafin faɗuwar rana

Kusan kowace mace ta san cewa mai haila ba ta salla, ba ta azumi, kuma azumin za ta rama, sallar ba za ta rama ba. Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta faɗi haka ƙarara lokacin da Mu'azatu ta tambaye ta: a zamanin Manzon Allah (SAW) ana umartarsu da ramakon azumi, ba a umartarsu da ramakon salla. Inda ake yawan tafka kuskure shi ne bakin iyaka, wato sa'ar da jini ya zo da sa'ar da ya ɗauke. A nan ne mace kan yi asarar azumin da ya wajaba a kanta, ko ta wuni da yunwa a kan azumin da ya riga ya karye. Bayanin nan a kan mazhabar Imam Malik yake, inda wasu suka saɓa za a nuna.

Zuwan jini ba shi da wahalar ganewa. A Malikiyya, ta fuskar ibada, haila ba ta da mafi ƙaranci: ɗigo ɗaya ma haila ne. Idan ya fito saura minti 2 a sha ruwa, azumin wannan rana ya tafi, sai ramako. Amma fitowa ake dubawa. Ciwon mara, ciwon baya da nauyin jiki ba sa karya azumi, don haka wadda ta wuni tana jin alamu amma jinin bai fito ba sai bayan rana ta faɗi, azuminta yana nan daram.

Ɗaukewa ce ke buƙatar natsuwa. Alamun tsarki biyu ne: farin kumfa, wato wani farin ruwa da ke fitowa bayan jini ya ƙare, ko bushewar gaba, ta sa farin ƙyalle ko auduga ta fito da shi babu jini, babu fatsi-fatsi, babu gurɓataccen ruwa mai kalar ƙasa. A Muwaɗɗa, littafin hadisi na Imam Malik, an ruwaito cewa mata kan aiko wa Nana A'isha auduga mai ɗauke da fatsi-fatsi suna tambaya, sai ta ce kada su yi gaggawa har sai sun ga farin kumfa. Saboda haka, 'yar'uwa, idan kwanakinki sun kusa cika, ki duba kafin ki kwanta, ki sake dubawa lokacin sahur.

Abin da kika gani a wannan dubawar shi ke yanke hukuncin ranar. Idan kin ga tsarki kafin alfijir ko da ɗan ƙanƙanin lokaci ne, azumi ya wajaba. Ki ɗaura niyya, ki yi wanka ko da bayan alfijir ya keto ne. Jinkirin wanka ba ya ɓata azumi, sai dai kada ki bari sallar asuba ta kuɓuce. Mata da yawa suna sakin azumin irin wannan rana don zaton sai an yi wanka kafin kiran salla, alhali ba haka ba ne. Idan kuwa kin farka bayan alfijir kin tarar da tsarki, ba ki san ko kafin alfijir ya zo ko bayansa ba, ki kame ki yi azumin, sannan ki rama shi daga baya.

Niyyar nan da aka ambata ba ƙaramar magana ba ce. A Malikiyya niyya ɗaya a daren farko ta wadatar ga watan gaba ɗaya, muddin azumin bai yanke ba. Haila tana yanke shi. Dole ne a sabunta niyya da dare kafin a ci gaba, kuma tashi yin sahur da nufin azumi ya isa niyya, ba sai an furta komai ba.

Wadda tsarki ya zo mata da rana, a ce ƙarfe 11 na safe, wannan rana ramako ce. Malikiyya ba su wajabta mata kame baki ba, Hanafiyya da Hambaliyya sun wajabta. Salla kuwa tana dawowa nan take, kuma akwai lissafin da ake mantawa da shi. Idan bayan ta yi wanka ba tare da ɓata lokaci ba akwai sauran lokacin raka'a 5 kafin rana ta faɗi, azahar da la'asar duk sun hau kanta. Idan bai kai haka ba amma ya ishi raka'a 1, la'asar kaɗai. Da dare kuma, raka'a 4 kafin alfijir na wajabta magariba da isha'i.

To idan jinin ya ƙi tsayawa fa? Wadda ta fara haila karon farko tana jira har kwana 15. Wadda ta saba da kwanakinta tana ƙara kwana 3 a kan mafi tsawon al'adarta, da sharaɗin kada jimilla ta wuce 15. Mai kwana 6 za ta kai 9, mai kwana 13 kwana 2 kawai za ta ƙara, mai 15 ba ta da ƙari. Abin da ya wuce nan jinin ciwo ne, wato istihala: ta yi wanka, ta yi salla, ta yi azumi ko da tana ganinsa, kuma an so ta sake alwala a kowace salla. Hanafiyya sun tsayar da mafi yawan haila a kwana 10. Idan kuma jinin yana zuwa yana ɗaukewa, kwanakin jini kaɗai ake tarawa. Duk ranar da ta ga tsarki kafin alfijir, ranar azumi ce. Mafi ƙarancin tsarki tsakanin haila biyu kwana 15 ne. Jinin biƙi mafi yawansa kwana 60 a wajen Malikiyya da Shafi'iyya, 40 a wajen Hanafiyya da Hambaliyya, amma wadda ta ga tsarki a kwana na 20 ba ta da uzurin jiran arba'in.

A wanka, abin da ke lalata shi galibi ƙanana ne: rashin cuɗa jiki, barin tushen gashi a bushe, da jan farce mai hana ruwa shiga. Lalle ba ya hanawa. Kitso ma ba sai an tsefe ba idan ruwa na isa fatar kai.

Kwanakin hailar kansu ba hutun ibada ba ne. Salla, azumi, ɗawafi da zama a masallaci ne aka ɗauke mata. Zikiri, salati, istigfari, addu'a, sadaka da sauraron tafsiri duk a buɗe suke, kuma wanda ya ciyar da mai azumi yana da lada irin nasa. Malikiyya sun halatta mata karatun Alƙur'ani da ka muddin jinin na zuba, sun kuma sassauta wa malama da ɗaliba taɓa Mus'hafi. Da zarar ya ɗauke kuwa, sai ta yi wanka sannan ta karanta. Malaman zamani da dama ba sa ba wayar hannu hukuncin Mus'hafi. Idan hailar ta faɗo a goman ƙarshe, addu'ar da Annabi (SAW) ya koya wa Nana A'isha don daren Lailatul Ƙadari ba ta buƙatar tsarki: Allahumma innaka afuwwun tuhibbul afwa fa'afu anni.

Maganar ƙwayoyin ɗage haila tana tasowa duk shekara. Malamai da yawa sun halatta idan babu cutarwa, kuma idan jini bai zo ba azumin ya inganta. Wanda likitoci suka fi bayarwa shi ne norethisterone, ana farawa kwana 3 kafin ranar da ake sa ran hailar, ta dawo kwana 2 ko 3 bayan an daina. Matsalarsa ita ce sau 3 ake sha a rana, mai azumi kuwa tsakanin magariba da sahur kawai take da shi, kuma tsallake lokaci na jawo ɗige-ɗigen da ke rikita lissafi fiye da hailar kanta. Yana kuma da haɗari ga wadda ta taɓa samun daskarewar jini a jijiya. A ganina wadda ba ta da wata lalura ta bar jikinta yadda Allah ya tsara shi ya fi mata sauƙi. Wadda ta ga dole, ta fara ganin likita.

Sai a rubuta kwanakin da aka sha tun a ranar, don bayan wata 8 ba kowa ke tuna 6 ne ko 7 ba. Ba dole ne a rama su a jere ba, kuma akwai fili har Sha'aban, kamar yadda Nana A'isha kan yi. Wadda ta yi sakaci har wani Ramadan ya riske ta ba tare da uzuri ba, za ta rama, ta kuma ciyar da miskini mudun Annabi ɗaya a madadin kowace rana; Hanafiyya sun ce ramakon kaɗai ya isa.