Tarihin Rayuwata, Kashi na 6: Baƙin Ɗan Akuya

Makon jiya na tsaya a ranar da aka yi wa Baba baftisma. Yau zan shiga damunar 1984, wadda har yanzu in na tuna ta sai in ji ɗacin tafasa a bakina.

Shekarata goma sha ɗaya a lokacin. Gidanmu babban gidan Maguzawa ne a ƙasar Sumaila, sassa bakwai, namu kaɗai ke zuwa majami'ar ECWA. Ruwa ya sauka, muka yi shuka, ya ɗauke. Muka sake, ya sake ɗaukewa. Ga shi a watan Afrilu gwamnatin Buhari ta canja launin takardun kuɗi, 'yan kuɗin gyaɗar da Baba ya adana a tukunya ba duka suka samu canjuwa ba.

Da gero ya fara naɗe ganye, Baffa, yayan Baba kuma maigidanmu, ya ce Uwar Gona, iskar da Maguzawa ke yi wa yanka don amfanin gona, ta yi fushi, sai an zubar mata da jinin baƙin ɗan akuya. Duk gidan mu kaɗai ke da irinsa. Ni nake kiwonsa.

Baffa da kansa ya tako sashenmu da yamma. Baba ya sauka daga turmin da yake zaune, ya durƙusa.

"Ba kyauta na ce ba. Zan ba ka tunkiya a madadinsa."

"Yaya, in yunwa ce, ɗauke shi ku yanka ku ci, ko kwabo ba na so. Amma na tsafi, ka gafarce ni. Na riga na yi wa Yesu alkawari."

Muryarsa rawa take. Wannan yayan shi ya raine shi bayan rasuwar kakanmu, shi ya yi masa aure. Masu cewa bin Ubangiji abu ne mai sauƙi ba su ga fuskar Baba a daren nan ba.

Su Baffa sun samo akuya a wani ƙauye, sun yanka. Mu ma mun yi azumin kwana uku a majami'a. Ruwan bai zo yadda kowa ya roƙa ba, laifin kuma a kanmu ya faɗa. Matan gida suka daina ba Inna ko garwashin wuta.

Da kaka, gonar da ke ba mu dami hamsin ta ba mu tara. Aka sussuke, Baba ya zauna da kwanon awo yana fitar da zakka: tara nan, ɗaya can. Inna ta kasa daurewa.

"Malam, dubi 'ya'yanka. Allah bai san an yi fari ba ne?"

Ban taɓa ganin laifinta ba. Ita ke dafa dusa da rama, ita ke jin kukan ƙanwata cikin dare. Baba bai yi mata faɗa ba. Bai iya karatu sosai ba, sai ya miƙo mini Littafi Mai Tsarki ya ce in buɗe Habakuk sura 3, aya 17 da 18, inda annabin ya ce ko ɓaure bai yi toho ba, ko gonaki ba su ba da abinci ba, ko garke ya ƙare, shi zai yi murna da Ubangiji. Ina karantawa Inna na share hawaye da bakin zane. Da na gama, ita ta ɗaure bakin buhun zakkar.

Sai Baba ya sake aunar kwano biyar, ya ce in kai sashen Baffa, don tasa gonar ko iri ba ta mayar ba. Na ajiye a ƙofar ɗakinsa na gaishe shi. Bai amsa ba, bai kuma ce in mayar ba.

Ɗan akuyan kuwa, a kasuwa muka sayar da shi, kuɗinsa Baba ya yi na mota zuwa cin rani a Kano. Abin da ya same mu a watanni huɗun da ba ya nan, sai mako mai zuwa in Ubangiji ya yarda.