Me Ka Ƙirga?

Goggo ce ta turo min bidiyon, bayan sallar isha'i. Wata halitta ce a tafin hannun wani mutum, doguwa siririya kamar fensir, launinta kamar naman da aka feɗe yanzu-yanzu, jikinta duk zobba-zobba irin na tana. Da a nan abin ya tsaya, da na ce tana ce ta samu ƙasa mai taki ta ƙoshi. Amma dab da kanta akwai hannaye biyu gajeru, da yatsu har da farata, tana jan jiki da su kamar jariri mai koyon rarrafe. Ƙafar baya kuwa babu ko alama. An ɗora wa bidiyon muryar wani mutum yana ta salati, wai a wani ƙauye aka tono ta wajen haƙar rijiya, wai ɗan aljani ne, wai duk wanda ya taɓa ta sai da ya kwanta.

Sai ga saƙon muryarta ya biyo baya: "Ɗan nan, kai da kake karatun dabbobi, mene ne wannan?"

Ina aji uku a lokacin, kuma ina cikin watannin koyon aiki a ɗakin da sashenmu ke adana dabbobi cikin kwalabe. Wanda ya taɓa zama ɗan aji uku ya san ciwon: ka haddace sunayen Latin guda hamsin, kai ya kumbura, kana ganin duniyar ma ta yi maka kaɗan. Ban yi minti ɗaya ba na mayar mata: "Goggo, haɗin kwamfuta ne. Tana aka ɗauka aka manna mata hannun ƙadangare. Don Allah ki daina tura irin waɗannan." Har da ɗan wa'azi na ƙara mata a kan yarda da duk abin da aka gani a waya.

Washegari na kai wa Malam bidiyon don mu yi dariya tare. Malam shi ke riƙe da ɗakin tun kafin a haife ni, kuma warin fomalin, ruwan maganin da ake adana gawar dabbobi a ciki, ya kama rigunansa har ya zame masa turare. Ya karɓi wayar, ya kalla sau uku bai yi ko murmushi ba. Ya ce, "Me ka ce mata?" Na ce na gaya mata ƙarya ce. Ya ce, "To, me ka ƙirga kafin ka ce ƙarya ce?"

Ban ƙirga komai ba. Kallo ɗaya na yi, na ga abin bai yi kama da wani abu da na sani ba, na yanke hukunci.

Ya sa na tsayar da bidiyon a daidai inda hannun ya fito sosai. Yatsu biyar. Ya sa na koma baya kaɗan, inda halittar ta zaro harshe ta mayar cikin ƙiftawar ido. Tana ba ta da harshe, ba ta da muƙamuƙi, ba ta da ƙashi ko ɗaya. A gefen kai akwai ɗigon baƙi guda biyu, idanu ne da fata ta rufe. Sannan ya ce in ƙara girman hoton in dubi zobe guda ɗaya tak. Ashe kowane zobe a rarrabe yake gida-gida, ƙananan murabba'ai a jere kamar tubalin gini. Malam ya ce wanda zai haɗa dodo don ya tsorata mutane, haƙora zai sa masa da jajayen idanu, ba zai zauna yana yanka zobe gida-gida ba.

Daga nan sai aikin littafi. Mai ƙashin baya, mai zobba, ba ramin kunne, idanu a ɓoye: wannan ya kai mu ga wani dangin ƙadangaru masu zama a ƙarƙashin ƙasa da ake kira Amphisbaenia, waɗanda nau'o'insu suka kai wajen 200. Kusan dukkansu ba su da hannu ba su da ƙafa. Gida ɗaya ne kawai a cikinsu ya riƙe hannayen gaba, shi ne Bipes, kuma nau'i uku ne, duk a ƙasar Mekziko. Abin da ke raba su cikin sauƙi shi ne abin da Malam ya fara sa ni ƙirgawa: akwai mai yatsu uku, da mai huɗu, da mai biyar. Mai biyar ɗin shi ne Bipes biporus, wanda masanin dabbobi ɗan Amurka Edward Drinker Cope ya bayyana a 1894, kuma gidansa zirin Baha Kaliforniya ne, wannan doguwar busasshiyar ƙasa da ta miƙa cikin teku a arewa maso yammacin Mekziko.

Ke nan mai muryar ya yi ƙarya, don ba a rijiyar kowa aka tono shi a ƙasarmu ba. Amma dabbar gaskiya ce. Shi ya ɗauki gaskiya ya lulluɓe ta da ƙarya, ni kuma da na zo ban tsaya na tsince tsakuwa daga tsaba ba, na ɗauki tiren gaba ɗaya na watsar. Abin da ya fi ci min rai shi ne da na lura hanyarmu ɗaya ce da shi. Ya ga abin da bai sani ba ya ce aljani, na ga abin da ban sani ba na ce kwamfuta. Kowa ya jawo kalmar da ta fi kusa da hannunsa, kuma babu wanda ya ƙirga yatsu.

Na kwana biyu ina karanta labarin wannan dabba, kuma ban taɓa jin daɗin karatu kamar na waɗannan ranaku ba. Tsawonta yakan kai santimita 18 zuwa 24, kaurinta bai wuce na fensir ba. Da hannayen nan take fara tonon rami daga sama, tana watsa yashi gefe, in ta shige sai ta naɗe su a jikinta ta ci gaba da tura ƙasa da kai, don ƙashin kanta a dunƙule yake da ƙarfi. Fatarta ba ta manne sosai da naman jiki ba, sai ta riƙa tattare ta tana miƙewa, jikin yana zamewa a ciki. Da safe tana kusa da saman ƙasa, rana na yin zafi ta nutsa can ƙasa inda akwai sanyi. Abincinta tururuwa da gara da tsutsotsi da tana. Macen takan saka ƙwai ɗaya zuwa huɗu a tsakiyar bazararsu, su ƙyanƙyashe bayan kamar wata biyu. Dafi kuwa ba ta da shi ko kaɗan, haka ma duk danginta.

Amma mutanen Baha Kaliforniya ma tsoronta suke ji, kuma tasu tatsuniyar ta fi ta mai muryar nan muni. Cewa suke in mutum ya tsuguna biyan buƙata a daji, takan fito ta shige masa ta dubura ta yayyaga masa hanji da faratan nan. Babu gaskiya a ciki, amma in ka dubi siffar dabbar ka san daga inda tunanin ya fito. Ban yi musu dariya ba, don na tuna yadda muka taso muna gudun kulɓa, ana ce mana cizonta ba ya jin magani, alhali baiwar Allah ko dafi ba ta da shi. Wani abin da ya ɓata min rabin yini shi ne sunanta na gida. Suna ce mata aholote, na rubuta sunan a intanet sai ga wata dabba daban, ta cikin ruwa, mai ƙafa huɗu da wasu gasu-gasu a wuya, ta tafkunan birnin Mekziko. Ashe suna ɗaya ake kiran su biyun. Tun daga ranar na daina ganin sunayen Latin a matsayin kayan burga.

Da a nan labarin ya ƙare da na sha da sauƙi. Bayan mako guda Malam ya sauko da wata kwalba daga kanta ta uku ya ajiye a gabana. Na gane ta, don ni na rubuta takardar jikinta da hannuna wata ɗaya da ya wuce. Wani ɗalibi ne ya kawo abin da ke ciki daga gonarsu a farkon damina, ya ce garma ce ta tono shi, kuma mutanen garin sun ce maciji ne mai kai biyu, sai da aka yi da gaske kafin su bari a ɗauko gawar. Ni kuma na leƙa ta gilashi, na ga abu siriri mara ido, na rubuta makahon maciji, na mayar kanta.

Malam ya miƙo min hantsaki da faranti da madubin ƙara girma, bai ce uffan ba.

Makahon maciji jikinsa sumul yake yana sheƙi, ɓawon fatarsa a kan juna yake hawa kamar jinka, kuma akwai ɗan tsini kamar ƙaya a ƙarshen wutsiyarsa. Wannan da ke farantin babu ko ɗaya daga ciki. Zobba ne, kowanne a yanke gida-gida, irin dai na bidiyon Goggo sak, hannaye ne kawai babu. Na buɗe bakin a hankali, sai ga haƙori guda ɗaya a tsakiyar muƙamuƙin sama, alamar da dangin nan suka shahara da ita. Malam ya ce da za mu feɗe shi da mun ga huhun dama ne ya ƙanƙance, alhali a macizai na hagu ne yake ƙanƙancewa. Wato ina ta mamakin abin da ke Mekziko, ɗan'uwansa na nan kan kanta da sunan da ba nasa ba, kuma ni na raɗa masa.

Ya ce in ƙirga zobban daga bayan kai zuwa mafitar kashi, sannan na wutsiya daban. Sun haura 200. Na ƙirga sau uku, na samu lamba uku. Ido yakan gaji, zobba biyu su haɗe su zama ɗaya, ko wani ya buɗe ƙofa ka manta inda kake. Malam ya nuna min dabarar: ka soka siririyar allura a kan auduga daidai kowane zobe na goma, sai ka ƙirga alluran. Da muka gama, ya ce in rubuta Cynisca, gidan da aka san nau'o'insa a Yammacin Afirka, Nijeriya na ciki, in bar wurin sunan nau'i haka nan sai mun zauna mun duba tsarin ɓawon kai da kyau. Na ce ai littafin ya nuna wanda ya fi yawa a yankin, mu sa shi mana. Ya ce, "Iya inda ƙirgarka ta kai, nan alƙalaminka zai tsaya."

Maganar kai biyu ita ce ta fi daɗewa a raina. Da na ji ta daga bakin ɗalibin nan, a raina na ce camfi. Amma da na juya dabbar a faranti, wallahi sai da na duba sau biyu kafin na gane ina kai ina wutsiya. Dukansu gajeru ne a dunƙule, ga ido ba ya ganuwa. Kuma mai rai yana tafiya da baya cikin raminsa kamar yadda yake tafiya da gaba. Manomin da garma ta tono masa wannan, ya ga ya ja nan ya koma ya ja can, me zai ce in ba kai biyu ba? Idonsa daidai ya gani. Bayaninsa ne ya kauce.

Kuma ba shi ya fara ba. Sunan dangin ma daga Amphisbaena ya fito, kalmar Girkanci ce mai nufin mai tafiya ta ɓangare biyu, kuma asalinsa sunan dodo ne. A tatsuniyar Girkawa, da jarumi Perseus ya sare kan wata dodanniya mai suna Medusa ya ratsa da shi ta saman hamadar Libiya, jinin da ya ɗiɗɗiga ne ya zama macizai, har da mai kai a gaba da kai a wutsiya. Marubucin Rumawa Pliny, wanda ya mutu a shekara ta 79 Miladiyya, ya rubuta cewa kai biyu gare shi, kamar baki ɗaya bai ishe shi zubar da dafi ba. A Barazil har yau maciji mai kai biyu suke ce wa nasu, kuma akwai wani babba a can da in an tsokane shi yakan ɗaga kai da wutsiya lokaci guda, ka rasa wanne zai cije ka. Girka da Barazil da gonar ɗalibin nan ba su taɓa zama sun haɗa baki ba, amma duk abu ɗaya suka faɗa. Tun daga nan, in an kawo mana wani abu da labari a bayansa, nakan rubuta labarin ma a littafin karɓa, kalma da kalma. Sau da yawa a cikinsa nake tsintar inda dabbar take kwana, da lokacin da take fitowa, da yadda take motsi, abubuwan da gawa a kwalba ba za ta taɓa gaya min ba.

Komawa wurin Goggo ya fi ƙirgar zobba wuya. Na je da kaina ranar Juma'a, na gaishe ta, na ce, "Goggo, abin nan da kika turo, na yi kuskure. Akwai shi. Ƙadangare ne, amma a Mekziko yake, ba a nan ba, kuma ba ya cutar da kowa." Na nuna mata hotuna, na ƙirga mata yatsun.

Ta karɓi wayar ta kai ta kusa da ido, ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Ikon Allah. To kai da ka ce kwamfuta ce, kwamfutar ce ta koma ƙadangare?" Na ce a'a, ni ne ban duba da kyau ba. Ta miƙo min wayar, ta jawo kwanon fura ta turo gabana, ta ce in na koma in gaishe mata da wannan Malamin.