Wuni ɗaya a Fas, da minti ashirin ɗin da na ba mahaifina

Ƙannena, akwai abin da na yi wa mahaifina a birnin Fas wanda har yau in na tuna sai raina ya sosu. Ba da mugun nufi na yi ba, kuɗi ma na kashe masu kauri don in faranta masa. Ina ba ku labarin ne saboda na ga yawancinku yanzu Allah Ya hore muku, kuna ɗaukar iyaye zuwa ƙasashen waje, kuma da waya kuke shirya komai kamar yadda na yi.

Baba ɗan Tijjaniyya ne tun yana saurayi. Ya sauke farali, abin da ya rage masa a zuci shi ne ziyarar Shehu Ahmadu Tijjani, wanda ya zauna a Fas daga 1798 har rasuwarsa a 1815, aka kuma binne shi a cikin zawiyarsa. Da harkar aiki ta kai ni Maroko sai na ce ya shirya mu tafi tare. Ya haura saba'in a lokacin, gwiwarsa ta dama tana damunsa. Wuni ɗaya tak muke da shi: mu hau jirgin ƙasa daga Kasabulanka, tafiyar wajen awa huɗu, mu kwana a Fas, mu wuni a gari, washegari da sassafe mu juya saboda jirginmu na gida.

Na shiga intanet neman ɗan jagora na mu kaɗai, wanda ba za a haɗa mu da ayarin baƙi ba. Wannan shawarar daidai ce, ko yau ita zan sake yankewa, don dattijo ba ya iya saurin ayari. Inda na ɓata shi ne wurin zaɓe. Na riƙa ƙirga wurare kamar mai sayen lemo a kasuwa: wannan ya ce wurare bakwai, wancan tara, wani sha ɗaya cikin awa takwas, ga mota mai sanyi, ga direba. Na ɗauki mai sha ɗayan, na biya kuɗin gaba ɗaya. Akwai gurbin da aka ce mutum ya rubuta buƙatarsa ta musamman, na bar shi wayam. Na lura babu zawiyar Shehu a jerin, amma na ce a raina ai ni na biya, da safe sai in gaya masa.

Na gaya masa kuwa. Ya ce babu damuwa, tana kan hanyarmu, za mu biya ta can da yamma. A nan wunin ya kuɓuce mini, ban sani ba.

Abu na farko da ban bincika ba: mota ba ta shiga tsohon birnin, wanda suke kira Fas al-Bali. Lunguna ne ƙunci-ƙunci, ana cewa sun haura 9,000, wasu mutum biyu ba sa giftawa sai ɗaya ya raɓe. Jaki da alfadari da kurar hannu ne ke dakon kaya, in ka ji an ce "balak!" to matsa gefe. Motar da na biya wa kuɗi mai yawa, amfaninta a wajen ganuwa ne. Don haka aka cinye safiyar da ita: ƙofofin fadar sarki a Fas Jadid, birnin da sarakunan Banu Marin suka kafa a 1276, sai tsohuwar unguwar Yahudawa, sai kan tudu mu hango gari, sai wurin masu ginin tukwane da tangaran. Wurare ne masu kyau, ban raina su ba. Amma ƙarfin tsoho da safe yake, mu kuwa sai da rana ta kusa take tsaka muka sa ƙafa ta Bab Bu Julud, ƙofar nan mai ado shuɗi da aka gina a 1913.

Daga wannan ƙofa hanya gangara ce. Babban titin kasuwar, Tala'a Kabira, sauka yake yi har zuwa ƙwaryar gari inda masallacin Ƙarawiyyin yake. Duk abin da ka gangara, in motarka tana sama, sai ka hawo shi. Ban tambayi inda direba zai jira mu ba.

Mun tsaya a makarantar Bu Inaniyya, wadda Sarki Abu Inan ya gina a tsakiyar ƙarni na 14. A nan na ga fuskar Baba ta sake. Ya tsaya yana bin rubutun da aka sassaƙa a jikin bango da ido, leɓensa na motsi. Ya juyo ya ce mini, "Kai, tambaye shi, ai nan ne garin mai Ajurumiyya." Gaskiya ne, Ibn Ajurrum mutumin Fas ne, a nan ya rasu a 1323, kuma ɗan littafin nan nasa na nahawu babu zauren karatu a ƙasar Hausa da ba a san shi ba. Ɗan jagoranmu bai kama zancen ba. Ba laifinsa ba ne. Na nemi mai jin Turanci, aka ba ni mai jin Turanci, wanda ya saba da baƙi daga Ingila da Amurka, ya san abin da ke burge su, ya haddace shi. Yana yi mini bayani, ni ina fassara wa Baba rabi, rabi na zubewa. Alhali Baba ya fi ni Larabci nesa ba kusa ba, ya yi karatun zaure shekara da shekaru. Da na nemi wanda zai yi magana da Larabcin littafi, wanda ya san malaman garin, da su biyu sun yi hirarsu ni ina biye. Larabcin kasuwar Maroko, Darija, ba ya shiga kunnen almajirin ƙasarmu da sauƙi, amma mai ilimi a can in ka yi masa fusha, wato Larabcin littafi, zai amsa maka da ita. Wannan tambaya ce ta layi ɗaya, ban yi ta ba, domin kaina nake tunani lokacin da nake cika takardar, ba wanda aka yi tafiyar dominsa ba.

Ku lura da wannan sosai, don ya shafi duk wani tsohon birnin Musulunci da za ku je. Tsarin zagayen da ake tallatawa a intanet, yawanci an yanka shi ne daidai wanda ba Musulmi ba. A Maroko ba a barin wanda ba Musulmi ba ya shiga yawancin masallatai, don haka a cikin tsarin, masallaci wurin leƙe ne daga bakin ƙofa, a ɗauki hoto, a wuce. Ba a ware lokacin alwala, ba a ware na salla, balle na zama. Mun isa Ƙarawiyyin, masallacin da Faɗimatu al-Fihriyya ta assasa a shekara ta 859, daidai azahar. Muka shiga muka yi salla, amma ina ganin ɗan jagora a bakin ƙofa yana duba agogo, don an riga an kama mana tebur a gidan abinci. Baba yana son ya zauna. Nan mutanen Malikiyya ne kamar mu, karatunsu da ruwayar Warshu ne kamar wanda aka rubuta masa a allo yana yaro. Na rusuna na ce, "Baba, ana jiranmu." Ya ɗauki sandarsa ya miƙe, bai ce komai ba.

Bayan abinci aka kai mu majemar Shuwara. Ta shagon masu sayar da kayan fata ake hawa bene a hango ramukan, a miƙo maka ganyen na'a-na'a ka kanga a hanci saboda wari. Ga Bature abin mamaki ne. Ga mutumin Kano, wanda ya san Majema da warin jima da bagaruwa, ya san marinar Ƙofar Mata, kallon minti biyar ne. Har ma tarihi ya nuna fatun jajayen awakinmu suna cikin waɗanda ayari ke ƙetara Sahara da su, Turawa su saya a hannun 'yan arewacin Afirka su kira su fatar Maroko. Mun fi rabin awa a wurin, don bayan kallo sai an zagaya da kai cikin jakunkuna da takalma.

Sai gidan darduma. Aka shimfiɗa mana wurin zama, aka kawo shayi, yara suka fara warware dardumomi ɗaya bayan ɗaya a gabanmu. Kun san halinmu: wanda ya ba ka wurin zama ya shayar da kai, tashi ka bar shi da nauyi yake. Ina kallon lokaci yana tafiya, kunya ta ɗaure mini baki. Mun fi awa ɗaya. Ban ce mutanen nan macuta ba ne. Ɗan jagora yana da la'adarsa a kan abin da baƙo ya saya, kamar yadda dillali ke da tasa a Kurmi, kuma sau da yawa arahar da ka gani a farashin zagaye da wannan la'adar ake cike ta. Sana'a ce, kowa ya san da ita sai baƙon da bai tambaya ba. Abin da ya kamata in yi shi ne in faɗa tun kafin biya cewa ba ma shiga shago ko ɗaya, in kuɗin zai ƙaru saboda haka a ƙara. Ya fi sauƙi ka ce a'a a rubuce kwana biyar kafin tafiya, da ka ce ta da kofin shayin mutum a hannunka.

La'asar ta yi sanyi kafin mu isa zawiya, wadda ashe tana nan kusa, tsakaninta da majemar da Ƙarawiyyin 'yar tafiya ce. Mun gifta kusa da ita ba sau ɗaya ba. Awanninmu takwas sun kusa cika, direba yana can sama yana jira, jakar maganin Baba tana cikin motar, ni kuma ban san hanyar fita da kaina ba. Baba ya shiga ya yi salla, ya yi sallama ga Shehu, ya zauna ya ɗaga hannu. Akwai 'yan Senegal da 'yan Mali a zazzaune, wasu da alama tun safe suke nan. Minti ashirin muka yi. Na sake rusunawa a karo na biyu a wuni ɗaya na ce, "Baba, ana jiranmu."

Hawan komawa ya ɗauke mu kusan awa guda, yana tsayawa yana dafa bango. A mota ya ce, "Allah Ya yi maka albarka, ka kai ni." Bai taɓa ƙara wata magana a kan wunin ba. Da ya yi faɗa da ya fi mini sauƙi.

Shekaru bayan haka na koma da Gwaggo, ƙanwarsa, lokacin gwiwar Baba ta hana shi doguwar tafiya. Wannan karon ban ƙirga wurare ba. Na zaunar da ita na ce, "Gwaggo, in abu ɗaya kawai za ki gani a garin nan, mene ne?" Sannan na rubuta wa mutum uku saƙo iri ɗaya ta WhatsApp kafin in biya ko sisi. Na ce mu biyu ne, ɗaya dattijuwa ce mai tafiya a hankali. Zawiya muka zo, da ita za a fara, kuma ba a ƙayyade mana lokacin fita ba. Za mu yi kowace salla a masallaci a kan lokacinta. Ba ma shiga shago. Ina son mai Larabci. Na tambayi abin da kuɗin ya ƙunsa, tikitin shiga makarantu da abinci suna ciki ko ba sa ciki, da kuma abin da za a mayar mini in tafiya ta fasu. Na nemi hoton katinsa, domin 'yan jagora na halal a Maroko suna da katin shaida daga hukumar yawon buɗe ido, masu tare baƙi a bakin ƙofa kuwa galibi ba su da shi. Ɗaya bai amsa ba. Ɗaya ya sake turo mini jerinsa na kullum kamar bai karanta ba. Na ukun ya amsa tambayoyin ɗaya bayan ɗaya, ya ƙara kuɗi kaɗan saboda batun shago, ya kuma tambaye ni abin da ban yi tunani ba: wace rana ce? Ya ce in Juma'a ce shaguna da yawa a tsohon gari suna rufewa, amma ga wanda ya zo don zawiya ita ce ranar, saboda zikirin bayan la'asar. Shi na ɗauka. Na ba da kafin alƙalami, ragowar sai da yamma, da tukuici a kai.

Ban ɗauki motar wuni ba. Tasi ta sauke mu a dandalin Rasif, can ƙasa inda mota ke iya isa, kusa da ƙwaryar gari, muka huta da gangara da hawa. Magani da ruwa da 'yan dirhami ƙanana suna jikina, sunan masaukinmu a rubuce da Larabci a aljihun Gwaggo ko da za mu rabu. Wurare huɗu muka gani a wunin: zawiya, Ƙarawiyyin inda muka yi Juma'a, makarantar Attarin da ke jikinsa, da hubbaren Maulaya Idris, sarkin da ake danganta kafa birnin da shi. Mun bi ta Saffarin, dandalin maƙeran tagulla, ranar shiru yake, Gwaggo ta zauna a gindin bishiya ta huta son ranta, ba wanda ya duba agogo.

Da la'asar muka koma zawiya. Gwaggo ta shiga ɓangaren mata, ni na sami gefe na zauna. Da aka ɗauki hailala, muryoyi suka cika ɗakin, sai na kira wayar Baba a Kano, na rage murya na ce, "Baba, saurara," na ɗora wayar a kan gwiwata. Ba mu kashe ba sai da aka kira magariba.